Tambayi Makanike: Peugeot 405 Mi16, motar iyali mai injin gudu

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Baba Makanike. Ni malamin makaranta ne a unguwar Birni, nan Damagaram. Wani ɗan'uwanmu da ya daɗe yana aiki a Yamai yana da tsohuwar Peugeot 405, irin wadda aka rubuta Mi16 a bayanta, ya ce in ina so zai bar mini ita da rangwame. Abokaina a fada sun rabu biyu. Wasu na cewa ita ce motar da ta ci tseren Paris-Dakar, don haka babu rairayin da zai tsayar da ita. Wasu na cewa motar kowa da kowa ce, suna kawai aka liƙa mata. Ina da mata da ƴaƴa huɗu, kuma duk hutu muna zuwa ƙauyenmu can bayan Mirriya. Ka ba ni tarihinta, ka kuma faɗa mini gaskiya, in karɓa?

AMSA: Wa alaikumus salam, Mushe. Allah ya raya yaran, ya yi musu albarka. Motar da ta ci Dakar daban take da wadda ɗan'uwanka zai ba ka, wannan babu tantama. Amma masu cewa suna kawai aka liƙa mata, su ma ba su taɓa ɗaga bonet ɗinta sun ga abin da ke ciki ba. Bari in ɗauko maka zancen daga tushe, domin shawarar da zan ba ka daga cikin tarihin nan ta fito.

A farkon shekarun 1980 kamfanin Peugeot ya kusa durƙushewa. Ya haɗiye Citroën a 1976, bai gama da wannan ba ya sake sayen reshen Chrysler na Turai a 1978, ya raɗa masa suna Talbot. Kaya ya fi ƙarfin mai ɗauka, asara ta riƙa bin asara, ana ta sallamar ma'aikata. Ƴar ƙaramar 205 da ta fito a 1983 ita ta tsamo su. Da numfashi ya dawo musu, sai suka dubi inda suke da giɓi, wato motar magidanci matsakaiciya. 305 ta tsufa, tun 1977 take kasuwa. 505 babba ce, kuɗinta ya fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci. Ga Renault ta fito da 21 a 1986, Ford na da Sierra, Volkswagen na da Passat, kowa na ɗibar rabonsa.

Zanen jikin sabuwar motar aka ba gidan Pininfarina na ƙasar Italiya, su ne dama suka zana 404 da 504 da iyayenmu suka sani. Shi ya sa in ka ajiye 405 kusa da Alfa Romeo 164, wadda ita ma ta fito a 1987 daga hannun masu zanen nan, sai ka ga kamanni a gefensu, da wannan layin da ya ratsa jiki tun daga fitilar gaba har ta baya. Ƙashin ƙasan motar kuwa sun yi tarayya da Citroën BX ta 1982. Inji a gicciye yake, ƙafafun gaba ne ke ja. Ka riƙe wannan maganar ta jan gaba, za mu dawo kanta.

A 1987 aka fito da ita. Aka riƙa ƙera ta a Sochaux, tsohon gidan Peugeot a gabashin Faransa, da kuma Ryton kusa da Coventry a Ingila. Ƴan jaridar motoci na Turai suka zaɓe ta motar shekara ta 1988 da maki 464, ta ba ta biyu tazara mai nisa. A 1988 aka ƙara mai dogon baya, wadda muke cewa birek.

To, Mi16 ita ce ta saman jerin tun shekarar farko. Daga waje ba za ka ga wani abin a zo a gani ba: ƙofa huɗu, mazaunin mutum biyar, but mai faɗi, sai ɗan fiffike a kan murfin but da tayoyi masu ƙafar alminiyam. Aikin yana cikin inji. Girmansa lita 1.9 ne, silinda huɗu, amma kowace silinda bawul huɗu gare ta, biyu na shigo da iska da mai, biyu na fitar da hayaƙi, jimla 16 ke nan, lambar da ka gani a bayanta. Injin mota na gama-gari a wancan zamani bawul biyu yake da su a kowace silinda. Amfanin huɗun shi ne inji ya sha iska sosai in yana juyi da sauri, bai shaƙe ba. Dabarar kan injin nan daga motocinsu na tsere suka ɗauko ta. Babu karbureta, injekta ne, da ƴar kwamfuta ta kamfanin Bosch mai auna mai da wuta. Abin da ya fito shi ne ƙarfin doki 160, a lokacin da 405 mai lita 1.6 take ba da 92, tsohuwar 504 mai karbureta kuwa ba ta kai 100 ba. Tana kai kilomita 220 a awa. Birki na faifai ne a ƙafa huɗu duka.

Wanda bai san halinta ba zai iya tuƙa ta cikin gari, daga Birni zuwa Kasuwar Dole ya dawo, ya rantse ba ta fi sauran ba. Da gaskiyarsa, domin a ƙasa-ƙasa lafiyayyar mota ce mai sanyin hali. Sai allurar juyin inji ta haura 4,000 take farkawa, muryar ta sauya, ka ji kujera ta tura maka baya, ta ci gaba da ja har 6,500 ba ta gaji ba. Ga sitiyari mai faɗa maka abin da taya ke takawa. Na fara koyon aiki a kan 404 da 504, na taɓa motoci iri-iri tun daga lokacin, amma a cikin motocin da mutum zai zuba iyalinsa ya kai su biki, kaɗan ne na ji sun shiga kwana da natsuwa irin tata. Ina son motar nan, ba zan ɓoye maka ba.

Yanzu zancen Dakar. Peugeot ta ci gasar tseren rali ta duniya a 1985 da 1986 da wata mota mai suna 205 Turbo 16. Motocin ajin tseren da take ciki sun yi ƙarfi har suka fara cin rayuka, bayan mutuwar direba Henri Toivonen a tsibirin Kosika a watan Mayun 1986 aka soke ajin gaba ɗaya. Shugaban sashen tseren Peugeot, Jean Todt, ya rasa inda zai kai motocinsa, sai ya juyo da su Sahara. Mu da muka manyanta mun tuna zamanin da tseren ke ratsa ƙasarmu, ta Dirku da Tenere da Agadas, ya gangara Tawa da Yamai, ana jin labarinsa a rediyo kowane dare. Ari Vatanen, mutumin Finland, ya ci na 1987 da 205. A 1988 aka ba shi sabuwa mai suna 405 Turbo 16, yana kan gaba aka sace motar a Bamako. An gano ta daga baya, amma lokacin tashi ya wuce, aka fitar da shi, abokinsa Juha Kankkunen ya ci da 205. A 1989 Vatanen da Jacky Ickx, dukansu a 405, suka riƙa kokawa da juna har Todt ya ji tsoron kada su farfasa motocin biyu, ya jefa kwabon faran 10 sama a Gao don a san wanda zai wuce gaba. Ya faɗo wa Vatanen. Shi ya ci shekarar, ya kuma ci 1990.

Sai dai waccan motar, Mushe, in ka cire fitilu da suna, kusan babu abin da ya haɗa ta da taka. Ƙofa biyu gare ta, mazauni biyu. Injinta a bayan direba yake, da turbo, ƙarfinsa wajen doki 400. Ƙafa huɗu ke ja, jikinta bututun ƙarfe ne aka lulluɓe da kwanso mara nauyi, ga ta a sama can nesa da ƙasa, ga rundunar makanikai da jirgin sama na bin ta kowane zango. An sa mata kamannin 405 ne don a sayar da 405, kuma dabarar ta ci, tunda ga shi bayan shekara 30 da ɗoriya ana gardamarta a fada a Damagaram.

Sauran tarihin a gurguje. An yi wata Mi16 mai jan ƙafa huɗu, da na'urar Citroën mai daidaita tsayin baya. An kai 405 Amurka ba ta samu kasuwa ba, Peugeot ta tattara ta bar ƙasar a 1991. A 1992 aka yi mata kwaskwarima: sabon dashbod, domin na farkon robarsa na ƙara da kwarkwaɗa, sabbin fitilun baya, murfin but ya sauko har bamba. A lokacin aka sauya injin Mi16 zuwa lita 2, ƙarfin doki 155. A 1993 aka fito da T16 ta kan titi, mai turbo da jan ƙafa huɗu, doki 200, guda dubu da ƴan kai kawai aka ƙera. 406 ta gaje ta a 1995. Amma 405 ba ta mutu ba, kamfanin Iran Khodro ya ci gaba da ƙera ta a Iran na kusan shekara 30, har ya fitar da Pars da Samand daga jikinta, an kuma harhaɗa ta a Masar. Wannan ne ya sa kayan jiki da na ƙafa na 405 ba su ɓace a duniya ba. Kayan cikin injin Mi16 kuwa, wannan wata magana ce.

In kana son sanin wane inji ke cikin ta ɗan'uwanka, kada ka dogara da rubutun baya, an sha sauya wa motocin nan inji. Nemi ɗan maganaɗisu ka manna a gangar jikin injin, ƙasa da kai. In ya faɗi, alminiyam ne, tsohon mai lita 1.9 ke nan. In ya kama, ƙarfe ne, na lita 2. Ka kuma dubi kan injin: na bawul 16 faffaɗa ne, fulogi huɗu a tsakiyarsa suke a jere cikin rami.

Ga inda gizo ke saƙar. Motar nan tamkar dokin hawan salla take a fadar Sarkin Damagaram: in ya fito kowa sai ya kalla, amma kullum sai an ba shi hatsi mai kyau, an wanke shi, an duba kofato, kuma ba a ɗora masa buhu a kai shi gona. Abu uku ke kashe ta a ƙasarmu.

Na farko mai. Karbureta tana haƙuri da man kwalba na bakin titi, in ta toshe a kwance ta a hura a mayar, an gama. Injekta ba ta da wannan haƙurin. Ƙura kaɗan ko ɗigon ruwa ya isa ya toshe ta ko ya ƙona famfon mai. Tun da aka buɗe matatar SORAZ a hanyar Tanut a 2011 man gidan mai bai yi mana nisa ba, to wanda zai riƙe Mi16 sai ya yi wa kansa alkawarin daga famfo kawai zai sha, ya kuma riƙa sauya filta da wuri.

Na biyu zafi. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni ke haura 40, injin alminiyam ba ya yafe kuskure. Ya tafasa sau ɗaya, kan injin ya lanƙwashe, gasket ya ƙone, ruwa ya haɗu da man inji ya koma kamar madara. Mutanenmu kuma sun saba ɗura ruwan rijiya a lagireto, shi kuwa yana barin gishiri ya toshe hanyoyi yana cin ƙarfe a hankali. Ruwan sanyaya inji na gaske take so, da fanka masu aiki.

Na uku, wanda ya fi ba ni tausayi, bel ɗin taimin, wannan mai haƙora da ke ɓoye a gefen inji. An taɓa jawo mini wata da igiya daga hanyar Takieta. Mai ita ma'aikaci ne, mutumin kirki, ya ce yana cikin tafiya lafiya lau sai ya ji ƙas, inji ya ɗauke. Bel ɗin ya bushe da zafi ya tsinke, fistan suka hau suka daki bawul. Da muka sauke kan injin muka jera bawul ɗin a kan tsumma, yawancinsu sun karkace, in ka mirgina ɗaya a kan teburi sai ka ga kansa na rawa. Bel ɗin da zai saya da kuɗi kaɗan ya jawo masa neman kaya har Kano da Kwatano, motar ta daɗe a garejina ƙura na rufe ta. Ni shawarata a zafinmu, kada bel ya wuce kilomita 60,000 ko shekara 3, kuma ranar da mota ta zo hannunka ka sauya shi, ko da mai ita ya ce sabo ne.

Sai maganar hanyarku. Mi16 gajeriya ce, cikinta kusa da ƙasa, tukunyar man injin tana gaba-gaba tana jiran dutse. Ga jan gaba: in ka cika but da tsaraba, yara suka cika baya, nauyi ya koma can, ƙafafun da ke ja sun yi sakayau, rairayi na farko bayan an sauka daga kwalta nan za ku tsaya. Ƙarfinta kuma yana can saman juyi ne, wanda a rairayi tona rami kawai yake yi. Kuma ku shida ne, mazauninta biyar.

Saboda haka in ita ce za ta zama motarka ɗaya tilo, kar ka karɓa. Ka yi wa ɗan'uwanka godiya mai kyau, zumunci ya fi mota. In son 405 ne ya kama ka, nemi birek mai karbureta, ko mai injin gazwal lita 1.9, wanda ba ya gudu amma yana da rai bakwai, ko da yake matsalar mazauni tana nan. Amma in kana da wata hanyar zuwa ƙauye, ita kuma za ta tsaya a kan kwaltar Maraɗi da Yamai, kana kuma da abin kula da ita, to karɓe ta ka riƙe da kyau. Masu lafiya a cikinsu sun yi ƙaranci, ko a Turai yanzu nemansu ake yi. Kafin ka ba da ko dala, kawo ta mu ɗaga, mu auna matsin silinda, mu dubi man inji da ruwa.

TAMBAYA: Baba, ni direba ne, ina lodi zuwa Matamai da Magariya. Tunda an ce 405 ta fi 504 zamani, me ya sa ba ta karɓi tasha ba kamar yadda 504 ta yi?

AMSA: Ɗana, Allah ya tsare hanya. Ai kai ka fi ni sanin amsar, a hannunka take. 504 ta 1968 ce, ƙafafun baya ke tura ta, don haka duk kayan da ka ɗora ƙara mata riƙon ƙasa yake yi. Tana da tsayi, ƙafafunta na da wurin lilo mai yawa, shi ya sa take haɗiye gargada. Ba a banza ta ci tseren Safari na Kenya a 1975 ba, da jiki irin wanda ake sayarwa kowa. Mai dogon bayanta layi uku na kujeru gare ta, birek ɗin 405 kuwa layi biyu, kai kuma da kan fasinja kake lissafi. Sannan ga Kaduna: masana'antar Peugeot da ake kira PAN ta fara aiki a 1975, ta yi ta harhaɗa 504 har tsakiyar shekarun 2000, shekaru da yawa bayan Faransa ta daina. Kayanta suka cika Kano, daga Kano zuwa nan kuwa tafiyar yini ba ta kai ba. Duk yaron gareji ya iya ta. An zana 405 ne da titin Turai a rai, ita 504 tun farko an san za ta zo Afirka. Da ta tsufa ma, ba ƴar gidansu ce ta gaje ta a tasha ba, Toyota ce.

TAMBAYA: Ina da 405 GR da nake zuwa aiki da ita a Sabon Gari. Kwanan nan na lura tayoyin baya sun kwanta ciki ta sama, gefensu na ciki na cinyewa, kuma ina jin ƙara in na taka rami. Wani ya ce in sauya shokozoba.

AMSA: Hajiya, barka da ƙoƙari, kin lura da kyau. Ba shokozoba ba ne, kada ki ɓata kuɗinki. Wannan ciwon gidan ne, 205 da 306 ma suna yin sa. Kowace ƙafar baya tana kan hannu ne mai lilo a jikin wani bututu da ya gitta ƙarƙashin motar, a cikinsa akwai boris masu siraran allurai. In robar da ke rufe su ta tsage, ƙura da ruwan damina su shiga, man ya bushe, alluran su niƙe, sai hannun ya kwanta. In an kama shi da wuri, boris da roba kawai za a sauya. In an bar shi, sandar da boris ke hawa ita ma ta cinye, sai an nemo gindin baya gaba ɗaya. Ki ce wa makanikenki ya ɗaga bayan motar, ya kama taya sama da ƙasa ya girgiza a gabanki. In ta motsa, a gyara ɓangarorin biyu tare a wannan makon, kuma kafin nan ki rage kaya a but, kada ki hau da ita doguwar hanya.